Zaman Baƙunci: Abin Da Matan Turawa Suka Gani A Bariki

 

Abin da ya jawo maganar yau wata tambaya ce da wata yarinya ta yi mini a aji. Muna cikin darasin tarihi, ana maganar zuwan Turawa, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kullum labarin mazan a ke ba mu, Gwamna Lugga ya yi kaza, Razdan ya yi kaza. To matansu fa? Tun da an ce ba su daka, ba su tankaɗe, ba su ɗora tukunya, me su ke yi tun daga safe har dare?" 'Yan aji suka fashe da dariya, ni ma na murmusa, amma da na koma gida sai tambayar ta ƙi fita daga raina, gama mu manya ma haka mu ke zato. In muka ga mace ta miƙe ƙafa, ba ta aikin fari ba ta na baƙi, sai mu ce wance tana zaman Turawa. In muka bi ta tsohuwar unguwar Bariki a Kano ko Zariya ko Kaduna, muka ga gidajen nan masu faffaɗar baranda cikin inuwar itatuwa, sai mu ce lalle waɗanda suka zauna nan sun huta.

To, na bi sawun maganar, na kuwa tarar hutun yana nan, ba ƙarya aka yi ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa wanda ya shafe mu duka, tun da ya ke kowace mace baƙuwa ce wata rana. Ku biyo ni a hankali.

DAGA INGILA ZUWA ZUNGERU

Labari ya fi daɗin ji in da mai shi, saboda haka za mu ɗauki mace guda mu bi ta. Sunanta Sylvia Leith-Ross, amma bari mu riƙa ce mata Silbiya don sauƙi. An haife ta a birnin Faris a 1884. Ubanta Baturen Ingila ne, babban hafsan sojan ruwa, uwarta kuwa mutuniyar Amurka ce. A 1907 ta auri Arthur Leith-Ross, wanda shi ne mai kula da harkar sufuri a gwamnatin Arewa, a shekarar kuma ta biyo shi Zungeru. Zungeru ita ce hedkwatar Arewa a lokacin, tun daga 1902, kafin a koma Kaduna a 1917.

A wannan zamani ba kowane Bature a ke bari ya zo da matarsa ba. Sai ya nemi izini daga sama, sau da yawa kuma a hana shi, musamman in ƙaramin ma'aikaci ne, don manyan suna ganin ƙasar ba wurin zaman mata ba ce. Saboda haka matan Turawa da ke Arewa kaf a lokacin 'yan ƙalilan ne ƙwarai.

Ga hanyar da a ke bi. Daga tashar Libaful a hau jirgin ruwa, a yi fiye da mako biyu a teku kafin a iso bakin kogin Kwara, wajen Burutu. Nan a sauka a hau ƙaramin jirgi mai bin kogi, a yi ta haurawa har Lokoja. Daga can a ci gaba zuwa inda kogin Kaduna ya haɗu da Kwara, a shiga Kaduna, in ruwa ya janye a koma kwalekwale, har wani wuri da a ke kira Barijuko. Daga nan ne a ke hawa wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiyar mil 22 zuwa Zungeru. Babban jirgin ƙasa bai isa Kano ba sai 1911. Wadda aka tura mijinta lardi mai nisa kuwa, sai doki da ayarin 'yan dako, kowa da kaya na wajen laba 60 a kansa, a yi ta tafiya zango zango. Wata matar Razdan mai suna Constance Larymore, wadda ta riga Silbiya zuwa, haka ta yi ta bin mijinta a kan doki, har ta rubuta littafi a kan zamanta aka buga a 1908.

Kayan ɗakin irin wannan amarya su ne gado mai naɗewa, da gidan sauro, da tukunyar tace ruwa, da fitila, da akwatunan abincin gwangwani waɗanda aka lissafa su isa shekara guda, don ma'aikaci kan yi shekara a bakin aiki kafin a ba shi hutu ya koma gida. Daga baya aka mai da shi wata 18. Ku duba fa, mu nan in za a kai amarya, gwaggo da inna da ƙawaye ne ke rakiya, a yi jere, a bar mata ƙanwa ko 'yar zaman ɗaki. Ita kuwa daga ita sai mijinta sai akwatuna.

Kada kuma tausayi ya sa mu manta da abin da ya kawo su. Ba gayyatarsu aka yi ba. A 1903 aka ci Kano da Sakkwato da yaƙi, a 1906 aka ragargaza Satiru, watau shekara guda kafin Silbiya ta iso. Matan nan a bayan bindiga suka shigo, abin da mazansu ke ci kuma daga harajin kakanninmu ya ke fitowa. Wannan yana nan a rubuce, ba mai share shi. Abin da mu ke dubawa yau shi ne yadda mace ke wuni ta kwana a ƙasar da ba tata ba.

WUNIN UWARGIDA

Gidajen Zungeru na farko na katako ne, an yanko su tun daga Ingila aka zo aka harhaɗa, aka ɗora su bisa ginshiƙai. A ƙananan garuruwa kuwa ginin ƙasa ne da jinka irin namu, sai dai a faɗaɗa shi a yi masa baranda. Babu lantarki, babu famfo. Gara ita ce babbar abokiyar gaba, ta ci littafi, ta ci takalmi, ta ci akwatin katako. Shi ya sa tufafi sai a akwatin ƙarfe, ƙafafun kabad ɗin abinci kuwa a tsoma su cikin gwangwanayen ruwa don kada kiyashi su hau.

Uwargida, haka ma'aikatan gidan ke kiranta. Ma'aikatan kuwa ga su: kuku, da boyi, da ƙaramin boyi, da mai wanki da guga, da mai ban ruwan lambu, da mai kula da doki, da mai ɗebo ruwa. Ku riƙe wannan da kyau, dukansu maza ne. Za mu komo kansa.

Da sassafe boyi ya kawo shayi, mai gida ya tafi ofis tun rana ba ta yi zafi ba. Aikin uwargida na farko shi ne ta buɗe sito, ta auna wa kuku sukari da fulawa da ganyen shayi da kananzir na ranar, ta karɓi lissafin cefanen jiya, kaza nawa, ƙwai nawa, itace na nawa, ta ba da kuɗin na yau. Sa'an nan ta leƙa kicin, wanda ke can ware a bayan gida, ta tabbata an tafasa ruwan sha an kuma tace shi, an tafasa madarar da matan Fulani suka kawo. Wurin gasa burodi sau da yawa garwar kananzir ce aka gyara ta zama tanderu.

Abinci kuwa, yau kaza gobe kaza, sai in mai gida ya fita harbi a sami zabo. Man shanu da kifi da 'ya'yan itace na gwangwani ne. Kabeji da karas da latas sai an shuka a lambu, irin ma daga Ingila a ke zuwa da shi. Ranar Lahadi a kan yi miyar gyaɗa ko ta manja da shinkafa, a gayyaci sauran Turawan gari a ci tare. Wannan kam a wurinmu suka koya.

Da tsakar rana ba a fita sai dole. Sun yi imani cewa ranar ƙasar nan in ta bugi tsakar kan Bature za ta kashe shi ko ta taɓa masa hankali, don haka namiji da mace kowa na fama da hular nan mai kauri kamar akushi tun daga hantsi har la'asar. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka watsar da ita, da aka ga sojoji suna yawo ba ita, ba kuwa abin da ya same su. Da la'asar sakaliya a yi kilisa a kan doki, ko a buga tanis, ko a tafi kulob in garin yana da shi. Magariba na yi a yi wanka, a sa dogayen takalma masu kaiwa gwiwa saboda sauro, a ci abincin dare a gaban fitila, a shige gidan sauro. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Amsar tambayar yarinyar nan ke nan. Gaskiya ne uwargida ba ta daka, ba ta surfe. Amma wadda aka ɗauke wa aikin hannu duka aka bar ta da dogon wuni, ita kaɗai ta san abin da ke cinta.

SAURO DA KWININ

Babban abin tsoro shi ne zazzaɓi. A 1897 ne wani likitan sojan Ingila da ke aiki a Indiya, mai suna Ronald Ross, ya gano cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin nan daga mutum zuwa mutum. Watau lokacin da Silbiya ta zo, sanin bai fi shekara 10 ba. Maganin da a ke da shi kwinin ne, kullum sai an sha, ga ɗaci, ga shi ya kan sa kunne ya riƙa ƙara. Wanda ya yi sakaci da shi, yau ya sha gobe ya bari, alhali zazzaɓi na ta komo masa, shi ne ya fi shiga haɗarin wata muguwar cuta da su ke kira zazzaɓin baƙin fitsari. Ƙwayoyin jini ne ke farfashewa a jiki su fita ta fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta kasa aiki, cikin 'yan kwanaki mutum ya tafi.

Wannan cuta ce ta kashe mijin Silbiya a 1908, shekara guda da aurensu. Ba ta kai shekara 25 ba ta zama gwauruwa, a ƙasar da ba uwa ba uba, ba mai zama da ita zaman makoki irin wanda muka sani. Da ya ke zamanta a ƙasar ya rataya ne a kan aikin mijin, sai ta tattara kayanta ta koma Turai.

Tsoron sauron nan shi ne kuma hujjar da aka kafa aka ware musu unguwa. Doka ta ce a bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, kada kowa ya yi gini a ciki, wai don kada sauron da ya ciji mutanen gari ya ƙaraso wurinsu. Asalin unguwannin Bariki ke nan, irin Nasarawa ta Kano. Abin dariya a nan shi ne, kuku da boyi suna kwana a ɗakunan bayan gida, taku kaɗan daga gadon mai gida. Kowa ya duba ya san ba sauro kaɗai a ke gudu ba.

BA MAƘWABCIYA, BA 'YA'YA

Yanzu mu komo kan abin da na ce ku riƙe. Ma'aikatan gidanta maza, abokan aikin mijinta maza, matan gari kuwa suna can cikin kulle bayan fili da ganuwa. Saboda haka Baturiya na iya yin shekara da shekaru a Kano ko Katsina ba ta taɓa zama ta yi hira da Bahaushiya ba. Tana zaune a Nasarawa tana hangen Dala, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ke uwargida, ki auna da kanki. Ba maƙwabciyar da za ki leƙa ta katanga ki ce ta sam miki gishiri. Ba barka, ba suna, ba biki, ba adashi, ba mai kitso. Ba wadda za ki aika wa da kwanon tuwo ta maido miki da na dambu. In kun saɓa da mai gida ba yayar da za ki kai wa ƙara. In ma akwai wasu matan Turawa biyu ko uku a garin, zumuncin nasu bisa muƙamin maza ya ke tafiya, matar Razdan ce a gaba, matar ƙaramin ma'aikaci ta san wurin zamanta.

Ga kuma maganar harshe. Shi ma'aikaci dole ne ya ci jarrabawar Hausa kafin a tabbatar da shi ko a ƙara masa girma. Matarsa ba wanda ya tilasta mata, don haka da yawansu iyakar Hausarsu ita ce ta ba da umurni: kawo, tafi, bari, maza-maza. Da irin wannan Hausa a kan sami ruwan wanka, amma ba a samun ƙawa.

Mafi ciwo duka shi ne maganar 'ya'ya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba kasafai a ke yarda a zo da yaran Turawa ba, saboda tsoron cuta. Mace in ta sami ciki sai ta tafi Ingila ta haihu, daga nan kuma zaɓi ya rage nata: ko ta zauna da jariri ta bar miji shi kaɗai, ko ta bar jariri wurin kakanni ko dangi ta komo wurin miji. In yaro ya kai shekara bakwai ko takwas a sa shi makarantar kwana. Wasiƙa ta kan yi kusan wata guda a hanya, amsarta ta ɗauki wani watan, watau in aka rubuto mata cewa ɗanta ba shi da lafiya, kafin takardar ta iso ko ya warke ko an binne shi. Mu ma muna ba da riƙon 'ya'ya, amma ɗanki na gidan gwaggonsa a unguwa ta gaba, ranar salla kya gan shi.

Sannu a hankali abubuwa suka sassauta. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, bayan yaƙi kuma ya zama hanyar zuwa da komowa, yara suka riƙa zuwa hutu. Aka sami firji mai aiki da kananzir da sababbin magungunan zazzaɓi. Mishan suka buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942 don 'ya'yansu. Mata kuma suka fara zuwa da ƙafarsu, ba a bayan miji ba, wasu malaman makaranta, wasu sistocin asibiti. Duk da haka filin nan na rubu'in mil bai gushe daga zukatan da yawa ba.

WAƊANDA SUKA ƘETARE FILIN

Da labarin Silbiya ya ƙare a 1908, da ba wanda zai tuna da ita. Amma a 1910 sai ga ta ta komo, wurin wanta wanda ke Razdan a lardin Muri. Ita da matar wan nata suka haɗa littafin girki, aka buga a Zungeru a 1910, don koya wa baƙi irinsu yadda za su ci abin da ƙasar ke bayarwa maimakon dogara ga gwangwani. Ta kuma duƙufa kan koyon Fulatanci, har ta rubuta littafin nahawunsa aka buga a 1921. Daga baya aka naɗa ta mai kula da ilmin mata, ita ce mace ta farko a wannan muƙami. Da hannunta a buɗe Queen's College ta Legas a 1927, ta kuma yi aikin ilmin 'yan mata a Kano. Bayan boren matan Aba na 1929 ta je ta zauna a ƙasar Ibo tana nazarin zaman matansu, littafin ya fito a 1939. Da tsufa ya zo, maimakon ta zauna a Ingila ta ji ɗumi, sai ta shiga yawon ƙauyuka tana tattara tukwane da tuluna da randuna na ƙabilu iri iri don gidan tarihi na Jos. Ba ta bar ƙasar nan ba sai 1969, tana da shekara fiye da 80. Ta rasu a Landan a 1980.

Ba cewa na ke yi ta rabu da ra'ayin Turawan zamaninta ba, a cikin gwamnatin mulkin mallaka ta yi aiki, da idonsu kuma ta ke kallon abubuwa da yawa. Amma ku dubi abin da ya tsame ta daga zaman kaɗaici: tukunya, da harshe, da aikin yi.

Ta biyu ita ce Mary Smith. Mijinta, M. G. Smith, mutumin Jamaika ne, ya zo ƙasar Zazzau a 1949 yana binciken zaman Hausawa. Da ya ke namiji ne, iyakarsa zaure. Matarsa ce ta koyi Hausa ta shiga cikin gida. A Giwa ta haɗu da wata tsohuwa ungozoma mai suna Baba, wadda aka haifa a 1877, tun kafin zuwan Turawa. Jininsu ya haɗu. Wajen mako shida suka yi, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Baba na ba da labarin rayuwarta, Mary na rubutawa da Hausa yadda ta faɗa: zamanin hari da bauta, da aurenta huɗu, da zaman kishi, da ƙawance, da riƙon 'ya'yan da ba ita ta haifa ba. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954 da suna Baba of Karo, har yau kuwa ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da Mary ta tsaya a Hausar kawo da tafi, da Baba ta tafi kabari da labarinta.

Ta uku Jean Boyd ce, wadda ta zo aikin koyarwa a shekarun 1950 ta daɗe a Sakkwato. Ta koyi Hausa sosai, ta nemi ilmi wurin marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu, ya buɗe mata taskar littattafansa, ta yi shekaru tana bin rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu. Matan Sakkwato ba su taɓa mantawa da Nana ba, waƙoƙinta na bakinsu. Abin da Jean Boyd ta yi shi ne ta kai labarin ga waɗanda ba su sani ba, da littafinta na 1989, da kuma tarin rubutun Nana wanda ita da wata Ba'amurkiya, Beverly Mack, suka fitar a 1997.

Matan nan uku rana ɗaya ta doke su da sauran matan Bariki, sauro ɗaya ya cije su. Ɗaruruwa sun zo sun tafi kamar raɓa, ba su san mu ba, ba mu san su ba. Waɗannan kuwa sun sunkuya sun shiga ɗakin wata mace sun zauna a tabarma.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da Turawan da suka daɗe da tafiya? Ruwanmu kuwa ya yi tsaki. Yau mu ne ke tafiya. Wata an yi wa mijinta canjin aiki zuwa Fatakwal ko Legas, wata ta bi nata Jidda ko Landan, ɗaliba ta sami gurbin karatu a Masar ko Indiya. Ko ba a ƙetare kogi ba, ranar da aka kai ki gidan miji a wani gari kin zama baƙuwa. Na kuwa sha jin labarin 'yan'uwanmu da suka yi shekaru a wata ƙasa, suna kulle a ɗaki da wayar hannu, kullum hira da mutanen gida, ba su san sunan maƙwabciyarsu ba. Wannan ma Bariki ne, sai dai ba Gwamna Lugga ne ya shata shi ba.

Saboda haka ga 'yar shawarata. Da farko, ki koyi harshen mutanen da kika tarar, ki fara da gaisuwa da ƙidaya da sunayen kayan miya, kada ki ji kunyar a yi miki dariya, wanda ya yi miki dariya yau shi zai gyara miki gobe. Na biyu, ki shiga kasuwarsu da kanki ki ga abin da su ke ci, ki koyi sarrafa wanda ya halatta, kada ki zauna jiran kuka da daddawa daga gida. Na uku, ki nemi wata dattijuwa mai mutunci a unguwar ki riƙe ta uwa, don akwai ranar da za ki bukaci wanda zai ƙwanƙwasa miki ƙofa, waya kuwa ba ta ɗora ruwan zafi. Na huɗu, kada ki zauna hannu rabbana, ko karatu ne ko ɗinki ko koyarwa, ki sami abin da za a san ki da shi ban da sunan mijinki. Duk wannan ba ya nufin ki yar da addininki ko tarbiyyar gidanku. Silbiya ta koyi Fulatanci, amma ba ta daina shan shayinta ba.

Ku kuma 'yan makaranta, darasin Turanci da na Larabci da na Faransanci da ku ke gudu, ku sani guzuri ne, ba wadda ta san inda rabo zai kai ta.

Daga ƙarshe, mu da ke zaune a garinmu, mu waiwaya mu duba. A kusan kowace unguwa akwai baƙuwa, ko matar ma'aikacin da aka kawo daga Kudu, ko malamar makaranta, ko 'yar bautar ƙasa, ko amaryar da aka auro daga nesa ba ta jin Hausa. Kada mu jira ta fara zuwa, watakila kunya ce ko tsoro ya hana ta. A aika mata da ɗan abinci, a kira ta suna, a koya mata gaisuwa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baba ta Giwa ba ta yi boko ba, amma da ta ga baƙuwa ta saki fuska ta karɓe ta, ga shi sunanta ya kai inda ƙafarta ba ta taɓa zuwa ba.

Yarinyar da ta yi tambaya, na karanta mata wannan kafin in aiko da shi. Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, ashe gara dakan." Na ce mata ba dakan ba ne abin so, abokan dakan ne.

Allah ya sa mu dace, ya kai matafiyanmu lafiya ya komo da su lafiya, amin. Sai mun sake saduwa.